Mai banki da jirgin ruwansa

Duk lokacin da aka ambaci J. P. Morgan, kuɗi ne ke fara zuwa zuciyar mutane. Ni kuwa jirgin ruwansa nake tunawa, mai suna Corsair.

An haifi Morgan a 1837 a Hartford ta Amurka. A 1907, da kasuwar kuɗi ta Niyok ta ɗauki rawa, shi ya tara manyan masu bankuna a ɗakin karatunsa, ya kulle ƙofa har sai da suka amince su zuba kuɗi. Amma kafin nan, a 1885, ya taɓa yin irin wannan dabara a kan ruwa. Ya ɗauki shugabannin kamfanonin jirgin ƙasa biyu da ke gaba da juna, ya hau da su Corsair, aka yi ta kai da kawowa a kogin Hudson. Babu mai iya ficewa cikin fushi, ruwa ne ta ko'ina. Kafin a sauka, an sasanta.

Nakan tsaya in yi tunanin mutumin a bakin jirgi da yamma, iska na kaɗa masa riga. A ofis kowa na jiran umarninsa. A teku kuwa shi ma jira yake, iska ta lafa, igiyar ruwa ta kwanta. Ina ganin wannan ne ya riƙa mayar da shi can.

Ya rasu a Rum a 1913. Dukiya ta koma hannun magada, teku kuma tana nan yadda ya same ta.