Tsakar Gida a Tucson da ta Federal Low-Cost

A birnin Tucson na jihar Arizona a Amurka, ruwan saman shekara bai cika wuce milimita 300 ba, alhali Gombe tana samun ninki biyu har da ɗoriya. Duk da haka masu gida da yawa a Tucson sun fi mu riƙo da itatuwan ƙasarsu. Mutum zai dasa mesquite ko palo verde, waɗanda hamadar Sonora ta haifa, ya haƙa musu ɗan kwarmi don ruwan indararo ya taru a gindinsu. A wasu unguwanni har dakalin bakin kwalta ake tsagawa domin ruwan titi ya gangaro wurin itace. 'Ya'yan mesquite kuwa, masu kama da na gawo, niƙa su ake yi a sami gari.

A Federal Low-Cost ta Gombe, da an samu kuɗin gyaran gida sai a malale tsakar gida da siminti, a bar ƴar kafa wa mangwaro ko dogonyaro. Dukansu baƙi ne daga Indiya. Ba na raina dogonyaro. Saurin girmansa da jure fari ne suka sa ya cika titunan Arewa. Amma ina tsamiya, ina kanya, ina magarya da ɗinya? Wani ya ce na ƙauye ne, wani ya ce tsamiya da kuka matattarar aljanu ce, wani kuma ya ce saiwa za ta fasa masa katanga. Sai mu kore su, sannan mu je kasuwa sayen tsamiyar kunu da garin kuka.

Babban bambancin yana ga ruwa. Gidan Tucson shanye shi yake yi, namu kuwa tura shi waje yake. Ruwan da siminti ya hana nutsewa yana cikin wanda ke zaftare kwarurukan da suka addabi Gombe.

Gwamna Inuwa Yahaya na Gombe ya ƙaddamar da shirin 3G a 2019 da burin dasa bishiya miliyan ɗaya duk shekara, Tucson ma tana da burin miliyan ɗaya kafin 2030. Sai dai gwamnati iyakarta wuraren jama'a, irin su bakin titi da makarantu. Cikin gida sai mai gida. Wanda filinsa bai isa kuka ba, ai magarya ba ta cin wuri, kuma da ta kama ba ta neman ban ruwa. Kafin a zuba siminti a bana, a ware mata taku uku.