Kada a sa masaƙar Baba a murhu

Yaya,

Ya damina, ya hanyar Funtuwa? Na ji tun sulhun da aka yi da 'yan bindiga a ƙarshen 2024 kasuwar shanu ta Birnin Gwari ta dawo ci, an fara komawa gonakin bakin daji. Allah ya ɗorar, ya jiƙan waɗanda muka rasa a harin Kutemeshi.

Saƙonka ya iso, cewa za a rushe rumfar Baba a yi shago, itatuwan masaƙa kuma su tafi murhu. Don girman Allah a dakata.

Garin nan da nake, Manchesta, da auduga aka gina shi. A nan aka kafa kamfanin BCGA a 1902, wanda ya je har Funtuwa ya dasa injin gurza, yana kwaso audugarmu, a mayar mana da ita atamfa da akoko mai araha. Sannu a hankali masaƙanmu suka naɗe zare. To yau jikokin masu injinan nan ne ke biyan kuɗi a koya musu saƙar hannu. Akwai wata tsohuwar malamar makaranta da nake kula da ita a wurin aiki, masaƙarta na jikin taga. Da na ɗauki ƙoshiyarta na wurga, na buga masefi yadda Baba ya koya mana, sai da ta sa tabarau ta matso tana duban hannuna. Na ba ta labarin kunkuru da ake ɗora wa dutse yana jan zare a tsakar fili, da yadda Inna ke shafa alli a yatsa ta murza mazari.

Haka kiɗa. Akan haɗu da yamma a zauren unguwa, likita da goge irin nasu, direban bas da sarewa, a yi da'ira a rera waƙoƙin kakanni. Ba liƙi, ba kirarin mai kuɗi, ba wanda zai ce wa likitan maroƙi. Wannan hali ya burge ni ƙwarai: mutum ba ya jin kunyar abin da hannunsa ya iya. Shi ya sa raina ya ɓaci da na ji an karya wa yaronka gurmi. Mamman Shata ma ba gadon kiɗa ya yi ba, mahaifinsa bai so ba, amma a 1988 Jami'ar Ahmadu Bello ta ba shi digirin girmamawa. A tsaya masa kan salla da karatu, a bar masa gurminsa.

Sai dai ban yi kwaɗayin komai nasu ba. Tsohuwar nan kaɗaici take kora da saƙa. Mayafan da ta saƙa suna jibge a kabad, ba ta da wanda za ta ba, 'ya'yanta sai Kirsimeti. Sawayen Baba kuwa kowanne da inda ya nufa: gwadon amarya, zanen goyo, likkafani. Gangar noma ma gayya take tarawa, a gama gonar mutum kafin azahar.

Na turo kuɗi ta hannun Kawu. A gyara rumfar, a sayi zare, a nemo wanda ya rage cikin abokan sana'ar Baba ya zauna da yara ko ranar Alhamis ce, a riƙa ba shi na goro. Shagon a yi shi ta gefen ƙofar gida, ni zan biya kwano.

A gaida Inna da kyau, a ce mata maganin gwiwarta na tafe.

Ƙaninka.