Kwana huɗu a ɗakin katako cikin daji

Tun da na dawo daga Faransa kuke tambayata abin da na gano, ni kuma sai in ba ku labarin sanyi da jirgin ƙarƙashin ƙasa, mu yi dariya mu watse. Akwai labari guda da na riƙe ban ba kowa ba, don akwai abin kunyata a ciki. Yau dai zan faɗe shi.

A kakar 2022 ɗiyata ta fari ta yi haihuwa ta biyu, ta aiko mini da takardu na tafi riƙon jego. Suna zaune a wata unguwa a bayan birnin Paris, hawa na shida, ɗaki biyu da falo. Ita aikinta a gidan tsofaffi ne, ta yi musu wanka, ta ɗaga su, ta kwantar da su. Mijinta direban bas ne. Kafin in taso daga Maraɗi damina ta lalata mini rufin ɗaki biyu, na ce mata ina bukatar jika 200 na kwano. Ta ce in yi haƙuri sai watan Janairu. Na ce Allah ya kai mu.

Bayan mun yi arba'in, a tsakiyar Nuwamba, sai surukina ya ce in shirya, ranar Litinin za mu tafi bakansi. Na ɗauka gidan wasu dangi za mu. Sai na ga ana loda mota da shinkafa, mai, albasa, naman da aka sayo wurin mahaucin Musulmi, har da kuka da daddawar da na zo da su. Na tambayi ɗiyata ko mutanen gidan ba su da abinci ne. Ta yi dariya ta ce, "Inna, ba gidan kowa za mu ba, daji za mu."

Daji kuwa muka je. Tafiyar kamar awa biyu ce zuwa yankin Normandi. A ƙofa aka ba mu mabuɗi, muka shiga da mota muka sauke kaya, sannan surukina ya mayar da ita wurin ajiyar motoci, don a ciki ba a yawo da mota, sai ƙafa ko keke. Ɗakunan katako ne birjik a tsakanin itatuwa, an jera su yadda ba ka hangen cikin ɗakin maƙwabci. Namu yana da ɗakin kwana biyu, da madafa da tukwanenta da kwanoninta, da abin ɗumama ɗaki, da wata babbar ƙofar gilashi mai kallon daji. Ganye ya yi ja yana zuba. Da safe agwagi suka zo har bakin ƙofa, jikana ɗan shekara biyu yana ihu yana bin su. A tsakiyar wurin akwai wani ƙaton gini mai rufin gilashi, cikinsa tafkunan wanka ne masu ruwan ɗumi. Waje sanyi yana shiga ƙashi, ciki kuwa kamar hantsin Maraɗi. Shiga can yana cikin kuɗin ɗaki, amma hayar keke da abincin gidan abinci da hawan ɗan doki duk da kuɗinsu daban. Sai lokacin na gane dalilin shinkafa da daddawa.

Washegari ina share tebur na ga takardar biyan kuɗi. Faransancina bai taka kara ya karya ba, amma shekara tara ina riƙe da littafin asusunmu, lamba ba ta ɓuya mini. Yuro 420. Yuro guda sefa 656 ne. Kafin in ajiye takardar na gama lissafi: jika 275, kuɗin kwana huɗu. Kwanon rufina ke nan har da ladan kafinta.

Ƴan uwa, zuciyata ta yi baƙi. Na ce a raina, ashe kuɗin akwai, ni ce ba a ba. Ranar ban fita ba. Da aka gama abincin dare na ce kaina ke ciwo. Ina kwance ina jin dariyarsu a falo, ina tuna ɗakina da bokitai uku a ƙarƙashin yoyo.

Ɗiya ta san uwarta. Da yara suka yi barci, mijinta ya ce zai ɗan zaga, ta shigo ta zauna a bakin gado ta ce, "Inna, mi na yi miki?" Na ce ba komi. Ta ƙi tashi. Daga ƙarshe na fasa, na ce mata ban haife ta don ta koyi almubazzarancin Turawa ba, a bar gida mai kyau a zo a biya jika 275 don a kwana cikin itace, alhali uwarta tana kwana cikin ruwa.

Ba ta mayar mini da magana ba. Ta tashi ta ɗauko wani ɗan littafi mai kama da na cak na banki ta miƙo mini. Ta ce wannan takardun hutu ne. Wata goma mijinta yana barin a cire masa yuro 15 daga albashi, wajen aikinsu suka ƙara masa daidai abin da ya zuba, ya zama 300. Takardun ba a canza su kuɗi, ba a aika su gida, ba a sayen kwano da su. Masauki da jirgin ƙasa da irin waɗannan abubuwa na hutu kaɗai suke biya, in kuma suka daɗe wa'adinsu ya wuce. Abin da suka cire daga aljihu yuro 120 ne da kuɗin man mota. Ta ce sun zaɓi Litinin zuwa Juma'a don ya fi ƙarshen mako sauƙi, sun zaɓi Nuwamba don ƴan lakwal sun koma, ɗakin nan a hutun watan Agusta kuɗinsa kan ninka biyu ko fiye. Ta ce daga baɗi yaron zai shiga lakwal, don a can shekara uku ake farawa, daga nan wannan arahar ta wuce su.

Na yi shiru, don na gane abin. Zubi ne. Abin da muke yi kowane mako ƙarƙashin dalbejiya, shi suke yi, sai dai su an ɗaure kuɗin ba ya zuwa ko'ina sai hutu. Daga baya surukina ya gaya mini tun 1936 doka ta ba ma'aikatan ƙasar hutu na mako biyu da albashi, a 1982 ya kai mako biyar, kuma a shekarar ne aka fito da waɗannan takardun don masu ƙaramin albashi su ma su iya fita.

Amma ba lissafin ne ya karya ni ba. Bayan ta gama bayani sai ta ce, "Inna, shekara bakwai wata bai taɓa ƙarewa ban aiko ba. Hal ranar da na shiga wata takwas ina ɗaga tsofaffi. Bayana ba ya barina barci. Ba ki taɓa tambayata ko na gaji ba." Ta share ido ta ƙara da cewa, "Ke ma yaushe rabonki da ki kwana ki tashi ba ki hura wuta ba? Don ke na matsa a zo yanzu, kafin bizarki ta ƙare."

Na nemi amsa na rasa. Tun ina ƴar shekara goma sha shida aka kai ni ɗaki. Daka, ɗiban ruwa, suyar ƙosai tun asuba, goyo bayan goyo. In na kwanta da rana, to ciwo ne. Ko ranar salla mu ne a bakin murhu. Ban taɓa hutawa ba, shi ya sa da na ga ɗiyata tana hutawa na kira shi ɓarna. Na kama hannunta na ce ta yafe mini. Kun san ba abu ne mai sauƙi ba ga uwa, balle ga ƴar fari da ko sunanta ba na faɗi.

Kwana biyun da suka rage na yi su yadda ya kamata. Cikin ruwa dai ban shiga ba, kayan wankansu ba nawa ba ne. Na zauna a kujera cikin ɗumi da jaririya a cinya ina kallon jikana yana fantsama. Surukina ya hana ni taɓa tukunya, shi ya dafa shinkafa, ta ɗan caɓe, muka ci. Ranar Alhamis bayan azahar na zauna bakin ƙofar gilashin nan, ruwa yana sauka a hankali, ba abin da ke jirana. Hannuwana sai motsi suke suna neman aiki. Sai da na daɗe kafin suka kwanta. Kuɗin kwano kuwa sun iso a Janairu kamar yadda ta ce.

Da na dawo na kawo magana a taronmu, na ce mu buɗe ɗan gwangwani daban, dala ashirin kowane mako, ba na bashi ba, ba na biki ko rasuwa ba, na fita kawai. Wata ta ce Hajiya ta je Turai ta dawo da sabon salo. Wata ta ce mai neman na cefane ina ta ga na yawo. Ban ji haushi ba, ni ma abin da na faɗa ke nan a ɗakin katako. Mu 25 ne, a mako 40 muka tara jika 100. Muka ɗauki hayar mota biyu, muka dafa dambu da zogale tun dare, muka kwashi yara zuwa tafkin Madarunfa. Ga shi nan kusa da mu, amma cikinmu akwai waɗanda ba su taɓa ganinsa ba. Muka shimfiɗa tabarmi a inuwa, yara suna kallon masunta da tsuntsaye, muka juyo kafin magariba. Wadda ta ce na kawo sabon salo, ita ce ta yi barci tun azahar hal la'asar, ba wanda ya tashe ta.

Gwangwanin yana nan, mun sake farawa. Yanzu kuma in na kira ɗiyata, kafin in kawo maganar gida sai na tambaye ta ya bayanta.