Kano daga Dutsen Dala: hoton 1851 da abin da bai nuna ba

Ɗan kasuwar Kwaya ko na Dungas da ya saba shiga Kano ta hanyar Magariya, in ya ɗaga ido a tsohon birni, zai hango Dutsen Dala. Daga kan wannan dutse ne Bajamushe Heinrich Barth, wanda mutanen ƙasar suka sani da suna Abdul Karim, ya zana birnin a watan Fabrairu na 1851, zamanin Sarki Usman ɗan Dabo. Shi ne kuma ya sauka Damagaram a ƙarshen 1852.

Hoton ya fito cikin littafin tafiyarsa mai juzu'i 5, wanda aka buga da Jamusanci da Ingilishi a 1857 da 1858. Mai kallo zai ga soraye na ƙasa sun cakuɗe da ɗakunan ciyawa, dabino ya yi tsaye tsakanin gidaje, gari ya shimfiɗu har inda ido ya gaji. Duk wanda ya san unguwar Birni ta Damagaram zai gane wannan gini nan take.

Sai dai hannu biyu ne suka yi aikin. Barth ya kawo zanen alƙalami. Wanda ya ƙawata shi, Johann Martin Bernatz, ya taɓa zuwa Habasha amma bai taka ƙasar Hausa ba. Ya tashi ne a zamanin da Turawa ke kira Romantisim, lokacin da masu zane ke son sararin sama mai faɗi, da haske mai taushi, da ƙasashe masu nisa. Shi ya sa Kano ta fito cikin natsuwa, kamar ba a taɓa jin hayaniya a cikinta ba.

Rubutun Barth kuwa ya sauko daga dutse ya shiga lunguna. Ya ƙiyasta mazauna birnin da 30.000, adadin da kan ninka lokacin zuwan ayari. Ya ga rumfuna cike da haja, ya ga marina da masaƙa, ya ce tufafin Kano na kai wa Tumbutu, da Murzuk, da Tarabulus. Ya kuma ga bayi a jere ƙarƙashin rumfa suna jiran mai saye. Daga kan Dala ba a hango su, don haka hoton ya yi shiru a kansu.

To, ya kamata a yaba wa hoton, domin yana cikin tsofaffin hotunan birnin Hausa da suka rage a duniya, amma a riƙa kallonsa tare da karanta rubutun. Kyan gari daga nesa daban, halin mutanensa daban.

Yau siminti da kwano sun ci yawancin sorayen, ganuwar Kano ta zube a wurare da dama. Kano dai ta sami mai zana ta. Garuruwan Magariya da Dungas fa, da rumbunansu da zaurukan hakimansu, wa zai adana kamanninsu kafin a rushe? Ma'aikacin gwamnati da ɗan kasuwa duk suna da waya mai ɗaukar hoto a aljihu. A ɗauki titin ranar kasuwa, a rubuta suna da shekara, a ajiye wa jikoki.