Ba Kowane Jini Ne Basir Ba

A gidanmu na Kaladan, mun taso muna ɗaukar duk jinin da ya biyo bayan gida a matsayin basir, wanda mutanen Kudu ke kira kooko. Wannan zato ya kusa raba mu da mahaifinmu.

Baba ya haura shekara 70. Da bayan gidansa ya koma baƙi wuluk kamar kwalta, sai muka sayo sassaƙe muka jiƙa masa. Kwana uku muna haka. Ran na huɗu da asuba, yana alwala, jiri ya kayar da shi.

A asibiti aka ce jininsa ya kusa ƙarewa. Aka zura na'urar leƙe ta baki, ba a ga komai ba. Aka zura ta ƙasa, nan ma haka. Likita ya ce mana ƙaramin hanji ya kai kimanin mita 6, kuma na'urorin biyu ba su kaiwa tsakiyarsa. Tun 2001 akwai 'yar kamara da ake haɗiya kamar ƙwayar magani don leƙa wurin, amma jinin Baba bai ba mu lokacin nemanta ba.

Sai da aka yi tiyata aka ga dalili. Wasu 'yan aljihuna ne suka ɓullo a bangon hanjin, daidai inda jijiyoyin jini ke shiga, jijiyar ɗayansu ta fashe. Irin waɗannan sun fi samun tsofaffi. Akwai kuma wanda ake haihuwar mutum da shi, wanda Bajamushe Meckel ya bayyana a 1809, yana jikin kimanin mutum 2 cikin 100. Aka yanke sashen da ya lalace, aka haɗe sauran. Aka kuma hana Baba asfirin da yake sha kullum don ciwon gwiwa, domin yana ƙara zubar jini.

Kafin tiyatar, sai da liman ya yi sanarwa a masallaci. Samari daga Aboabo da Sabonjida suka zo suka ba da jini. Allah Ya saka musu da alheri.

Jama'a, in kun ga baƙin bayan gida, ko jini tare da jiri, kada ku tsaya jiƙa magani. Ku nufi asibiti a ranar, ku tafi da 'yan uwan da za su iya ba da jini. Yau Baba na zuwa masallaci da ƙafarsa. Alhamdu lillahi.