Malaman Shekara Biyu

Da sanyin hunturu ya iso makarantarmu, a farkon 1964, zamanin da shekarar karatu a watan Janairu take farawa. Ina aji biyu a wata sakandaren lardi a tsohuwar Jihar Arewa. Shugaban makaranta ya tsayar da shi a gabanmu wajen taron safe, ya ce ga sabon malamin Turanci daga Amurka. Muka dube shi, muka dubi juna. Turawan da muka taso muna gani manya ne, irin su Razdan da Di'o da jami'in ilmi, waɗanda sai daga nesa ake hango su cikin mota. Wannan kuwa saurayi ne sabon jini, shekararsa 22, bai daɗe da karɓar digirinsa ba. A aji biyar akwai ɗaliban da da kaɗan ya girme su.

Yana cikin samari da 'yan matan da ƙungiyar Peace Corps take aikowa. John F. Kennedy ne ya fara jefa maganar a Jami'ar Michigan cikin Oktoban 1960, yana yawon neman ƙuri'a, inda ya tambayi ɗalibai ko za su yarda su je su yi aiki a ƙasashe masu tasowa. Da ya hau mulki ya sa hannu aka kafa ƙungiyar ran 1 ga Maris 1961, ya damƙa ta ga mijin ƙanwarsa, Sargent Shriver. Rukunin farko a Ghana suka sauka cikin Agusta, na Najeriya suka biyo baya kafin shekarar ta ƙare. Ingila ta riga su da tata ƙungiyar, VSO, tun 1958, Kanada kuma ta kafa CUSO a 1961. 'Yan Amurkan dai horon wata biyu zuwa uku ake yi musu, a ɗan ɗanɗana musu harshen inda za su, sannan a turo su shekara biyu da ɗan alawus na ci da sha.

Buƙata ce ta buɗe musu ƙofa. An sami mulkin kai a 1960, Turawan mulki suna tattara nasu ya nasu, gwamnatin Sardauna kuma tana ta buɗe makarantu don a sami 'yan Arewa da za su riƙe ofisoshin da ake bari. Jami'ar Ahmadu Bello sai 1962 aka buɗe ta. Ɗan Arewa mai digiri a lokacin abin nema ne ruwa a jallo, kuma da ya fito ma'aikatun Kaduna ke wawashe shi, ba ya kaiwa aji. Ga shi kuma Turanci ne mabuɗin komai. A jarrabawar gama sakandare ta Afirka ta Yamma, wanda ya faɗi Turanci ya rasa cikakkiyar takardar shaida, komai ƙoƙarinsa a lissafi ko kimiyya. Na san haziƙan da wannan darasi ɗaya ya mayar da su gida hannu rabbana.

Tun kafin malaminmu ya zo, sunan ƙungiyarsu ya riga ya sha ƙura. A Oktoban 1961, wata budurwa daga cikin rukunin farko na Najeriya, suna tsakiyar horo a Kwalejin Jami'a ta Ibadan, ta rubuta wa wani abokinta kati tana kwatanta ƙazanta da talaucin da ta ce ta gani. Katin bai kai Amurka ba, ya faɗa hannun ɗalibai. Aka kwafe shi aka rarraba, aka yi zanga-zanga, jaridun duniya suka ɗauka, ita kuma ta bar ƙasar. Manyan ɗalibanmu sun san labarin. Shi ya sa duk daren da muka hango malaminmu a barandar gidansa, ga fitila ga takarda yana rubutu, sai wani ya ce, "To, ko me yake faɗa a kanmu yau?"

Watanninsa na farko sun yi mana wuya, shi ma sun yi masa. Kunnenmu da Turancin Ingila ya saba, shi kuwa nasa ta hanci yake fitowa, ga sauri. Yadda yake rubuta wasu kalmomi ya saɓa da abin da masu duba jarrabawa suke so. Bai san manhaja ba, bai taɓa tsara darasi ba, bai san yadda ake horar da yaro taƙaita dogon rubutu ba, alhali maki mai yawa a nan yake. Idan ya yi tambaya muka yi shiru, sai ya ɗauka ba mu sani ba ne ko raini ne. Bai san an yi mana tarbiyyar kada yaro ya tsare babba da ido ba, kada kuma ya yi garajen amsawa.

Wanda ya cece mu wani dattijon malami ne, tsohon ɗalibin Kwalejin Katsina, mai koyar da mu tarihi. Wata rana ina share ofishin malamai na ji yana ce masa, cikin Turanci mai taushi yana haɗawa da Hausa, "Malam, yaran nan suna da kai. Gudu kake yi ka bar su a baya. Ja linzami." Saurayin bai yi girman kai ba. Ya roƙi izini ya riƙa zama a bayan ajin dattijon yana kallon yadda ake yi. Bature mai digiri a kan bencin ɗalibai, yana koyon aiki wurin malamin da ba shi da digiri, abu ne da ba mu taɓa gani ba. Daga baya ma har ya koyi ce masa "ranka ya daɗe" yana ɗan rusunawa.

Sai kuma ya kama Hausa gadan-gadan. Da la'asar za ka same shi wurin maigadi, ko a bakin kicin wurin kuku, da ɗan littafi a hannu. Ranar kasuwa ya hau babur ɗinsa ya je ya yi ta ciniki don kawai bakinsa ya faɗa. Ya sha wahala da ɓ da ɗ da ƙ. Ya daɗe bai rarrabe ƙasa da ake takawa da kasa mai sara ba, ko gari na mutane da gari na tuwo. Mu ne malamansa a nan, kuma wannan ya sauya zaman ajin baki ɗaya, domin wanda ya gyara wa malaminsa magana jiya ba zai ji kunyar a gyara masa tasa yau ba.

Abin da ya fi muhimmanci shi ne koyon Hausar ya gyara koyarwarsa. Da ya gane cewa a bakin Bahaushe p da f sauti ɗaya ne, sai ya daina faɗa, ya zo da guntun takarda ya sa kowa ya riƙe a gaban leɓe, a ga wace ce ke hura ta da ƙarfi. Da ya lura da yadda muke cusa wasali tsakanin baƙaƙe, irin yadda aka sami burodi da sukuru a Hausa, sai ya ware mintoci kowace safiya don wannan kaɗai. Da can yana ganin kuskurenmu. Yanzu ya san inda kuskuren yake tasowa.

Ya kuma zo da abin da ba mu da shi. Ƙungiyarsu takan ba su akwatin littattafai don su rage kewa, shi kuwa sai ya kawo nasa aji ya ce kowa ya ara. A hannunsa na fara ganin littafin Chinua Achebe na 1958, Things Fall Apart, na tabbatar ɗan ƙasar nan zai iya rubuta labarin garinsu da Turanci duniya ta karanta. Ya kafa mana jaridar makaranta da ake gurzawa a inji, ya sa muhawara duk daren Asabar. Bai taɓa ɗaukar bulala ba.

Wasu irinsa Hausar ce ta riƙe su har tsufa. Paul Newman, wanda aka sani da Malam Sabo, yana cikin rukunin farko na Najeriya, ya yi koyarwa a Maiduguri daga 1961 zuwa 1963. Ya dawo ya shugabanci Cibiyar Nazarin Harsunan Najeriya a Kwalejin Abdullahi Bayero ta Kano, shi da Roxana Ma Newman suka fitar da ƙamus na Hausa zuwa Turanci a 1977, sannan a 2000 ya wallafa babban littafin nahawun Hausa da har yau manazarta ke komawa gare shi. Russell Schuh, Malam Takalmi, a Nijar ya yi nasa aikin daga 1965 zuwa 1967, a fannin yaƙi da jahilci. Ya ƙare rayuwarsa kan Hausa da harsunan Yobe irin su Ngizim da Bade da Bole, har ya rasu a 2016.

Duk da haka ba zan ce tsarin ba shi da aibi ba. Shekara biyu ta yi kaɗan. Ta farko a kanmu ake koyon aikin, kuma 'yan aji biyar da suka faɗa hannun sabon zuwa ba su da wata shekarar da za su rama. Ta biyu, daidai lokacin da hannu ya faɗa, sai a fara ɗaure kaya. Ba kuma dukansu ne suka yi irin na malaminmu ba. Akwai waɗanda suka gama wa'adinsu tsakanin gida da kulob ɗin Turawa, ko sannu ba su iya ba. Kuma har yau ina ganin kuskure ne a ɗauka duk wanda ya sha harshe a nono zai iya koyar da shi. Iya magana daban, iya koyarwa daban. Da babu wancan dattijo a makarantarmu, da labarin da nake bayarwa ya sha bamban.

A Disamban 1965 ya tafi, saura 'yan makonni a yi juyin mulkin 15 ga Janairu 1966. Yaƙin basasa da ya ɓarke a 1967 ya sa aka kwashe da yawansu, shirin ya yi ta ja da baya har aka rufe shi a Najeriya a shekarun 1970. A Nijar ya fi daɗewa. Sun fara zuwa a 1962, da koyar da Turanci suka fara, kuma sama da 3,000 ne suka yi aiki can kafin a janye su a Janairun 2011, bayan sace wasu Faransawa biyu a Yamai. A wajenmu malamai daga Indiya da Pakistan da Filifin da Masar da Ghana ne suka cike gurbin, sai kuma 'ya'yanmu masu yi wa ƙasa hidima, tun da Janar Gowon ya kafa shirin a 1973. Daga 1987 Najeriya ma ta fara aika nata ƙwararrun, har da malamai, zuwa ƙasashen Afirka da Karibiyan da Fasifik, su ma na shekara biyu. Matasan Amurka da Ingila masu sabon digiri kuwa yanzu Japan da Koriya ta Kudu da Sin da yawansu suke nufa, inda ake biyan albashi sosai.

Na yi shekara 35 ina koyar da Turanci bayan haka, kuma guntun takardar nan ta gaban leɓe na yi amfani da ita har na yi ritaya. Amma rubutun da yake yi a baranda ya tsaya mini a rai. Su sun koma gida da wasiƙunsu da hotunansu, sun rubuta littattafai, sun kafa ƙungiyoyin tsofaffin ma'aikata, an adana labarinsu. Wanda duk ya nemi tarihin wancan zamani yau, da idonsu zai gan mu. Mu da muka zauna a kan bencin, muka san wanda ya amfane mu da wanda ya ɓata mana shekara, muka san dattawan malamanmu da suka koya wa baƙin aiki ba a ambace su ba, mun haura saba'in, kullum kuma raguwa muke yi.

Don haka ina roƙon 'yan'uwana da suka yi sakandare ko kwalejin horon malamai a waɗancan shekaru, a Najeriya da Nijar, kowa ya ɗauki alƙalami ya rubuta abin da ya gani, da Hausa. Wanda idonsa ya yi rauni ya kira jikansa ya kunna waya ya naɗi muryarsa.