Daga Kazaure zuwa Babura: wa zai busa wa almajiri usur?

Da sanyin safiya muka kama hanyar Kano zuwa Daura. Kafin hantsi duwatsun Kazaure suka fara leƙo mu ta cikin hazon hunturu. Garin Ɗantunku gari ne na karatu, ga Kwalejin 'Yan Mata ta Gwamnatin Tarayya, ga Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Hussaini Adamu.

A wata makarantar kwana muka tarar ana shirin gasar gida-gida. An ja layuka da farar ƙasa, an haƙa ramin tsalle an cika shi da yashi. Ɗalibai na gwajin gudun mita 100 da na miƙa sanda, inda mutum huɗu ke raba zagaye ɗaya na mita 400. Wani malami ya ce ranar gasa iyaye kan zo da kulolin abinci. Yaron da ba a zo masa ba, 'yan gidansu ne danginsa, su ke masa shewa.

A bakin katanga kuwa almajirai ne suka jera da robobinsu, suna leƙe. Su ma nesa da iyaye suke kwana, amma babu gidan da ya rubuta sunansu.

Da muka nausa yamma zuwa Roni, ranar ta kama Alhamis, an jingine alluna. A wata gona da aka girbe muka ga ƙolawa suna tsere ba takalmi, daga gindin kuka zuwa bakin dutse. Wani ɗan siriri ya ba sauran rata uku a jere. Muka tambaye shi ko an taɓa auna gudunsa. Ya yi dariya, ya ce shi dai ba a riga shi zuwa gidan sadaka.

A Gwiwa, kusa da iyakar Katsina, langa muka iske ana yi. Duk mai iya riƙe ƙafa ɗaya ya yi ta tsalle da ɗayar, ya riga ya mallaki rabin abin da dogon tsalle ke buƙata. Da tsallen mita 7.12 Chioma Ajunwa ta ciyo wa Najeriya zinare a Atlanta a 1996. A 2022 kuma Tobi Amusan ta kafa tarihin duniya a gudun tsallake shinge na mita 100 cikin daƙiƙa 12.12.

Daga nan muka juyo gabas, muka ƙare a Babura, ƙasar rairayi a bakin iyakar Nijar. Nan ko yashin ramin tsalle ba sai an saya ba. Muka zauna muka lissafa kayan gasa: toka don jan layi, karan dawa a madadin sanda, usur ɗaya, agogon waya, sai izinin alaramma.

To, ɗalibai, ga shawara. In lokacin gasarku ya zo, ku roƙi malamin wasanni ya ware tsere ɗaya ga almajiran unguwa da marayu. A je a gai da malaminsu, a rubuta sunayen yaran, a kira su a lasifika ɗaya bayan ɗaya. Yaron nan na Roni yana jiran ranar da zai yi gudu ba roba a hannunsa.